Zuwa ga mahaifin da ya tambaya ko kitse na kashe jariri

Assalamu alaikum Malam,

A shirin lafiya na rediyo ka ce kun rasa jarirai biyu kafin suna, likita ya ambaci matsalar ƙona kitse, kana so a yi maka bayani. Allah ya sa masu ceto ne. Zan yi maka bayanin ɗaya daga cikin irin waɗannan matsaloli, lalacewar wani furotin da ake kira CACT.

Kowace ƙwayar halitta tana da murhunta, mitokondiriya, mai bango biyu. Dogon kitse, mai kabon 14 zuwa sama, ba ya ratsa bangon ciki shi kaɗai. Furotin CPT1 ne ke ɗaure shi da kanitin, sinadarin da ke dakon kitse, a waje, furotin CACT ya shigar da shi, CPT2 ya kwance shi a ƙone. Idan CACT ya lalace, cutar da aka fara bayyanawa a 1992, kitse yana nan jibge amma ba ya shiga.

Shi kuwa sabon haihuwa da kitsen jikinsa yake dogara kafin nono ya kawo, don sukarin hantarsa cikin awanni yake ƙarewa. Sai sukarin jini ya faɗi, hanta ta kasa yin kiton, makamashin da take samarwa daga kitse, da zai riƙe ƙwaƙwalwa, amoniya ta hau, kitsen da ya taru ya rikita bugun zuciya. Uwa dai sai ta ga yaro ya ƙi kama nono, jiki ya saki, ya yi sanyi, sannan jijjiga. Abin da ke ci mana rai shi ne a ce iska ce a tsaya hayaƙi, alhali yunwa ce ke cinsa.

Gado ne daga uwa da uba duka, kada a ɗora wa maiɗakinka laifi. Kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin 4, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar uwa da uba duka su ɗauko ta.

Idan Allah ya kawo wani rabon, a haihu inda akwai sashen jarirai, kamar Asibitin Malam Aminu Kano, a faɗa wa likitan yara tarihin tun wajen awo. A auna sukari da amoniya tun ranar farko, a sa ruwan sukari na kashi 10 ta jijiya, kada yaro ya wuce awa 3 bai ci ba. Gwajin asilkanitin, wato kitsen da ke ɗaure da kanitin a jini, inda nau'o'insa C16 da C18:1 ke hawa, da na ƙwayar gado SLC25A20 su ne ke tabbatarwa. In ta tabbata, ana rage dogon kitse a ba shi madara mai MCT, kitse mai matsakaicin tsawo wanda ke shiga ba sai da kanitin ba, a kuma guji maganin farfaɗiya valproate. Mai tsananin tana iya kisa ko da magani, shi ya sa zazzaɓi ko amai, ko cikin dare ne, asibiti za a nufa nan take.

Wassalam.