A auna gadojinmu kafin damina, fenti ba ya hana tsatsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni birkila ne, na fi shekara 30 ina kwaɓa siminti a Marwa, arewacin Kamaru, da ƙauyukan kewaye. Tun da gadar Palar da ke nan Marwa ta karye bayan ruwan sama mai ƙarfi a ƙarshen Agustan 2020, manyan motocin Kuseri da Injamena suka yi cirko-cirko a bakin mayo, wato rafi, na ɗauki wata ɗabi'a: in na zo gada sai na leƙa ƙarƙashinta. 'Ya'yana har dariya suke mini.

Makon jiya na sauka ƙarƙashin wata 'yar gada a hanyar ƙauyenmu. Daga sama tas take, an shafe ta da fenti fari da ja. Na ɗan ƙwanƙwasa cikinta da guduma. Kankare mai lafiya amsawa yake da ƙara mai kaifi, wannan kuwa sai ka ce fasasshen tulu. Ɓawo kamar tafin hannuna ya faɗo, ga rodi ja wur, har yana marmashewa a yatsa. In rodi ya yi tsatsa kumbura yake yi, shi ke tura kankaren daga ciki har ya ɓare. Wanda ya shafa fentin nan ya ga wurin, ko kuwa bai sauko ba sam.

Gudumata ba ta wuce ta nuna inda ya riga ya lalace. Injiniyoyi suna da abin da ya fi ta. Na taɓa yi wa wani injiniya aiki, yana da wata na'ura da ake kira gudumar Shimit: a danna ta jikin bango, ƙarfen ciki ya buga ya dawo, lamba ta nuna taurin fatar kankaren. Fatar kawai fa. Don sanin ciki akwai na'urar da ke tura sauti ta wannan gefe a karɓa ta wancan. In ya yi jinkiri, akwai rami ko tsaga. Wanda ya fi burge ni shi ne ruwan wani sinadari da ake kira fenoftalin. Aka huda ginshiƙi, aka ciro guntu mai siffar gwangwanin madara, aka fesa masa. Ciki ya rine kamar zoɓo, amma bakin, kaurin yatsa biyu, ko gezau, yana nan fari. Injiniyan ya ce mini, "Baba, nan iska ta riga ta cinye ƙarfin da ke kāre rodi. In farin nan ya kai ga ƙarfe, tsatsa ta samu ƙofa." Guntun kuma aka kai ɗakin gwaji, inji ya matse shi har ya fashe, aka san nauyin da zai iya ɗauka.

Duk wannan da rani ake yinsa, lokacin da mayo ya bushe mutum zai iya tsayawa gindin ginshiƙi ya ga ko ambaliya ta kwashe ƙasar da ke riƙe da shi. Masu ɗibar yashi kusa da gada ma, 'yan'uwanmu ne kuma mu muke saye, amma a ja musu iyaka.

Roƙona ga hukuma: a auna manyan gadoji irin ta Binuwai a Garwa da ta Ngeli da ke tsakanin Kuseri da Injamena, a kuma tuna da ƙanananmu na karkara. A liƙa sakamakon a ofishin magajin gari, da ranar awon da nauyin motar da gadar za ta iya ɗauka. Gadar hanyar ƙauyenmu dai, in injiniya zai zo, ni zan kai shi, na sa wa wurin alama da gawayi.

Naku,
Wani tsohon birkila,
Domayo, Marwa