Rumbun tsimin unguwa ya fi jiran motar tallafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana na ƙasar Daura, daga cikin gari har Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, a kan wani abu da ke hannunmu amma muke tsallake shi.

Yawancin wasiƙun da ke fitowa a wannan shafi da kira ga gwamnati suke ƙarewa. Kiran haƙƙinmu ne, ban ce a daina ba. Amma akwai yunwar da ke zuwar mana kowace shekara a kan lokacinta, tsakanin Yuni da Agusta, kuma geron da zai kashe ta a gonakinmu aka noma shi. Da kaka manomi ya sussuka ya kai kasuwa ya sayar da araha, don bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar biki sun taso shi gaba. 'Yan sari su loda a mota. Ruwa na sauka, shi dai wannan manomin ya koma sayen tiya da tsada. In babu kuɗin sai ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai lokacin firi, wato noman farko, ciyawa ta danne tasa shukar, amfanin bana ya ragu tun kafin a kai ga maimai. Abin da ke karya magidanci ke nan, kuma yana faruwa ko a shekarar da damina ta yi albarka.

Kakanninmu suna da maganinsa, shi ne rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai rana ta ɓaci. Gandu ya watse, kowa ya ja nasa, gida ɗaya ba ya iya tsimin yanzu. Amma unguwa tana iyawa.

Ga lissafin. A ce gida 40 sun amince, kowane ya kawo tiya 10 ta gero da kaka. Tiya 400 ke nan, buhu 10 in an auna tiya 40 a buhu. Ba wani abin a zo a gani ba ne, na sani. To amma gida 20 mafi rauni, in kowane yana cin tiya guda a rana, wannan geron zai riƙe su kwana 20, kuma kwana 20 a lokacin firi da maimai su ne ke raba wanda zai cika rumbu da wanda zai ci bashi. A fara da hatsin mutanen unguwa, kada a fara da kyautar ɗan siyasa ko ta wata ƙungiya. Hatsin da aka kawo a mota kowa yana ɗaukarsa ganima, babu mai jin nauyin biya. Wanda ya san tiyarsa goma na ciki shi ne zai tsaya a bakin ƙofa ranar awo.

Inda aka fi yin asara shi ne wurin ajiya, don haka a nan zan daɗe. Geron da aka bari a zangarniya, aka ɗaure dami aka jera a rufewa, ya fi sussukakke daɗewa, sai dai yana da wuyar lissafi, dami ba ya zama daidai da dami. In za a tara a buhu, wajibi ne hatsin ya bushe ƙayau. Akwai gwaji mai sauƙi: a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai sauran laima, a mayar da hatsin shanya. A yi wa kowane gida wannan gwajin a gaban kowa ranar karɓa, domin tiya goma mai laima tana iya ɓata buhu ɗungum, kuma daga nan zargi ke farawa. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. A shimfiɗa katako ko itace, a bar tazarar da mutum zai iya ratsawa ya duba bayan jeri, saboda gara da ɓera daga lungun da ido ba ya kaiwa suke soma ɓarna. A duba rufin ɗaki tun watan Afrilu, kafin ruwan farko ya nuna inda yake yoyo.

Wake ya fi gero riba a ajiya, kuma ya fi shi saurin lalacewa, don ƙwaronsa tun daga gona yake shigowa. A nan ina roƙon jama'a su bar zuba masa maganin feshi. Saboda ragowar irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya ƙasashenta a 2015, mu kuwa 'ya'yanmu muke dafa wa. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka ƙirƙiro, ba ya buƙatar magani. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, ƙwaron yana shanye iskar da ke ciki ya mutu. Kafin a zuba wake a hura kowace leda a matse ta a ga ko tana da huji. A zuba, a fitar da iska, a murɗe bakin ledar ciki a naɗe shi a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Masu cewa buhun bai yi musu aiki ba, galibi ɗauri ɗaya suka yi wa ukun, ko suna buɗewa suna ɗiba duk mako, ko ɓera ya huda. Wanda bai sami buhun ba, jarka mai lita 25 da murfinta ke kamawa gam tana yin wannan aikin, muddin an wanke ta ta bushe kuma an cika ta har wuya.

Sai maganar fitarwa, wadda ita ce ke kashe irin wannan rumbu ko da an iya ajiya. Kuskure na farko shi ne rabawa kyauta ko karya farashi saboda tausayi. Shekara guda za a yi ana sa albarka, ta biyu ɗakin wayam. Farashin ya zama ƙasa da na kasuwa, amma ya isa a sake sayen wannan tiyar da kaka mai zuwa, har da kuɗin buhu da dako da ladan mai awo da ɗan abin da ya zube. Kuma a sa iyaka, misali tiya 5 ga gida a mako, in ba haka ba mai kuɗi zai turo yara su saye masa ya kai kasuwa. Akwai kuma shekarar da farashi ke faɗuwa maimakon ya tashi. A irin wannan shekara kada a yi gaggawar zubarwa, geron da ya bushe da kyau yana iya jira.

Kuskure na biyu ya shafi addini, kuma ban ga dalilin kauce masa ba. Ba da tiya 10 da damina a karɓi 12 da kaka riba ce da addini ya haramta, ko da sunan taimakon al'umma aka yi. A sayar da kuɗi hannu, ko a yanke farashi a rubuta ranar biya, ko a ba da rance a karɓi daidai abin da aka bayar. A zauna da limamin unguwa tun kafin a karɓi tiyar farko, ya duba tsarin. Shi ne kuma zai wanke rumbun daga zargin ɓoye abinci, tunda ana buɗe shi ne a lokacin da jama'a suka fi matsuwa. Zakkar hatsi, ushiri ga noman damina da rabinsa ga na ban ruwa da wahala, kada a cuɗa ta da jarin. Tana da masu ita, a ware mata buhunta da littafinta, daga nan za a ba gwauruwa da maraya da tsohon da ba shi da abin saye.

Game da riƙon amana, ba sai mun je nesa neman darasi ba. A yankin Maraɗi, nan maƙwabtanmu, aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, kuma tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Adashe ne aka gyara masa zama: akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, ba a buɗewa sai a gaban taro. A yi wa ƙofar rumbun haka. Mutum ukun kada su fito gida ɗaya, kuma mai littafi daban da mai awo. Mai unguwa ya zama uba mai raba gardama, kada a ba shi makulli, domin duk wanda ya zo da kuka gare shi zai zo, kuma kunya ba za ta bar shi ya hana ba. A sa mata a kwamitin da gaske, su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. A auna da tiya guda ɗaya, mai alama, wajen karɓa da wajen fitarwa. Duk wata a karanta lissafi da baki a bainar jama'a, saboda waɗanda ba su karatu su ma da geronsu a ciki.

'Yan'uwanmu na wajen Jibiya, Batsari da Safana, inda tsaro ya taɓarɓare, tara buhuna a ɗaki ɗaya na iya jawo musu ido. Su raba ajiyar gida uku ko huɗu, littafin ya zama ɗaya.

Ranka ya daɗe, roƙona gare ka shi ne ka fitar da wannan wasiƙa kafin a fara girbin gero, kuma ka tura wakilinka ƙauyukan da suka taɓa gwada irin wannan rumbu, waɗanda nasu ya tsaya da waɗanda nasu ya rushe, mu ji daga bakinsu. Masu niyya kuma su kira taron farko tun cikin Agusta, lokacin da kowa ke jin tsadar tiya a jikinsa. In aka bari sai sabon gero ya shigo gida, da wuya a tara mutum goma a ƙofar mai unguwa.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Daura, Jihar Katsina