Ba Kowane Ƙurjin Fuska Ne Ake Shafa Wa Man Haɗi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin jama'a, musamman mutanenmu na karkara, kan wata cutar fata da likitoci suke kira rozeshiya, wadda take kama tsakiyar fuska, wato kumatu da hanci da goshi da haɓa, kuma galibi sai mutum ya haura shekara 30 take bayyana. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauye, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yawancin waɗanda suke zuwa mana da alamunta sai mu tarar sun daɗe suna shafa man da yake ƙara rura ta.

Littattafan likitanci sun fi siffanta wannan cuta a jikin Turawa, domin su fuskarsu takan yi jawur har ana hango siraran jijiyoyin jini a kumatu, shi ya sa har wasu ma'aikatan lafiya suke ɗauka ba ta kama baƙar fata. Tana kamawa, sai dai jan ba ya fitowa fili. Wurin yakan yi duhu ne, ko ya yi launin makuba, ya ɗan kumbura, fatar ta bushe ta yi kaushi. Saboda haka abin da mai ciwon ya faɗa da bakinsa ya fi abin da ido ya gani muhimmanci. Za ka ji mace ta ce, "Malam, fuskata raɗaɗi take yi kamar an goga mini barkono, ko ruwa na zuba sai na ji zafi." Idan ka duba da kyau a cikin haske, sai ka ga ƙananan ƙuraje, wasu da ɗan ruwa a bakinsu, amma babu baƙaƙen ɗigon nan da ake matsewa a ƙurajen balaga, kuma ba su bazu zuwa baya da ƙirji ba. Wannan bambanci shi ne abin da ake yawan tsallakewa, sai a ce wa matar da ta haifi 'ya'ya biyar ƙurajen 'yanmata ne suka dawo mata.

Cutar takan taɓa ido ma. Mutum zai riƙa jin kamar akwai yashi a idonsa, gefen fatar idon ya yi ja, ƙurji yana yawan fitowa a wurin, sai a ɗora laifin a kan ƙurar hunturu ko a ce afolo ne. A wasu mazan kuma, idan ta daɗe ba a kula ba, fatar hanci takan yi kauri ta yi gudaji-gudaji har hancin ya sauya kama. A nan ina roƙon jama'a su ji tsoron Allah su daina zargin masu irin wannan hanci da shan giya, domin ana samunsa a jikin wanda bai taɓa ɗanɗana ta ba. Haka kuma ba kuturta ba ce, ba ƙazanta ce take kawo ta ba, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya ko alwala da buta ɗaya.

Abubuwa da dama ne suke haɗuwa su haifar da ita: akwai gado, akwai saurin buɗewar jijiyoyin jinin fuska, akwai garkuwar jiki da take wuce gona da iri, sannan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, masu zama a ramukan gashin fuskar kusan kowane baligi, waɗanda ake samun sun fi yawa a fatar masu wannan ciwo. Abubuwan da suke tayar da ita kuwa duk mun san su, domin su ne rayuwarmu ta yau da kullum: zafin rana, hucin wuta, shayi mai tururi, yaji da citta, busasshiyar iskar hunturu, da ɓacin rai. Matar da ta sunkuya a kan tukunya tana tuƙa tuwon gidan mutum ashirin, wuta tana dukanta daga ƙasa, tururi yana dukanta daga sama, ba za ta rasa jin fuskarta ta ɗau zafi ba, haka ma mai suyar ƙosai da manomin rani da yake wuni a fadama. Ba zai yiwu a ce musu su bar girki ko noma ba, kuma duk ma'aikacin lafiyar da ya ba da irin wannan shawara bai san ƙauye ba. Abin da zai yiwu shi ne a kafa murhu a inda iska take ratsawa, a riƙa ja da baya daga bakin tukunya, a wanke fuska da ruwan randa bayan an sauke, a bar shayi ya huce kafin a sha, manomi kuma ya riƙe malfarsa mai faɗi. Abin da yake tayar wa wani ba lallai ne ya tayar wa wani ba, don haka kowa ya lura da nasa.

Babbar matsalar, wadda ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa, ita ce man shafawa mai sinadarin sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda suke cikin man nan na kemis da ake cewa yana maganin komai, da kuma cikin man haɗi da masu gyaran jiki suke ɗurawa a roba babu suna babu takarda. Yaudarar wannan mai ita ce yana aiki da farko. Cikin 'yan kwanaki raɗaɗin zai kwanta, ƙurajen su baje, fuska ta yi haske, har maƙwabta su fara tambayar sunan man. Amma idan aka ci gaba da shafawa, fatar fuska takan yi siriri, jijiyoyi su fito, kuma ranar da aka daina sai ciwon ya dawo fiye da da, sai mai shi ya koma ya sayi wani, ana haka har fuskar ta kasa zama lafiya sai da shi. Wanda ma ba shi da cutar tun asali, doguwar shafa irin wannan mai takan jawo masa ƙuraje da raɗaɗi masu kama da ita sak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata, kuma a shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Duk da haka, mai talla yana baza waɗannan mayuka a kan tabarma ranar kasuwar ƙauye, a gefen mai gishiri da mai daddawa.

Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan mai ya sani cewa idan ya daina, fuskarsa za ta tayar na wasu makonni kafin ta lafa. Wannan ba alama ba ce ta cewa man ne maganinsa, kuma a daidai wannan gaɓa ce yawancin mutane suke karaya su koma ruwa, shi ya sa ya fi kyau a daina a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Ina kuma jan hankalin iyayenmu mata masu gyaran amare cewa dilka da gurza fuska da lemon tsami da turara ta a kan garwashi ba su dace da fatar da take raɗaɗi ba, komai kyan da suke yi wa lafiyayyar fata. Ruwa mai ɗan sanyi, da sabulu mai laushi marar ƙamshi, da man da ba a haɗa shi da turare ba, sun wadatar.

Cutar ba ta da maganin da yake tumɓuke ta gaba ɗaya, amma ana shawo kanta sosai. Likita yakan rubuta man metronidazol, ko na azelayik asid, ko na aibamektin, idan ƙurajen sun yi yawa kuma ya haɗa da ƙwayar doksisaikilin. Ana bukatar haƙuri, domin sai an yi mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga cikakken sauƙi, wanda ya saba da man da yake aiki cikin kwana uku kuwa yakan ɗauka an cuce shi. Kada wani ya ji sunan metronidazol ya je ya daka ƙwayar filajil, wato metronidazol na sha, ya kwaɓa ya shafa, ko ya yi haka da ƙwayar Mectizan, wato aibamektin na sha da ake rabawa a ƙauyuka, domin haɗin na shafawa daban yake. Doksisaikilin kuma ba a ba mai juna biyu da yaron da bai kai shekara 8 ba. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko fiye yana taimakawa ga mai halin saye, ko da yake tsadarsa ta sa a wajenmu inuwa da malfa sun fi kusa da hannu.

Akwai lokacin da bai kamata a tsaya a ƙaramin asibiti ba. Idan gani ya fara dishi-dishi ko haske yana damun ido, ko kuma tabon fuskar ya zo tare da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi da zubewar gashi da gyambon baki, to a wuce babban asibiti, domin akwai wata cutar garkuwar jiki mai suna lufus da take kama da wannan a fuska, alhali ita tana iya taɓa ƙoda. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, duk wurare ne da ake iya tura mara lafiya.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na Jigawa da Kano shi ne su shirya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci bita kan cututtukan fata, da hotunan baƙar fata irin tamu, su kuma haɗa da masu kemis, tunda wurinsu ake fara zuwa. Ga mai fama da ciwon kuma, ranar da zai zo asibiti ya tattaro duk man da yake shafawa a leda ɗaya, har da na haɗin da ba shi da suna da kwalayen da suka ƙare, domin da su ne za mu gane ko cutar ce da kanta, ko kuwa man ne ya jawo ta.

Wassalam.

Naka,
Ma'aikacin lafiya a matakin farko,
daga Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.