Zuwa Ga Kawu: Abin Da Ya Kai Ni Bodh Gaya

Kawu, Allah ya ƙara girma.

Ranar ɗaurin auren ƙanwata ka tambaye ni a gaban jama'a: me ya kai ɗan Musulmi gindin bishiyar masu bautar gumaka, kuma me na samo? Kunya ta hana ni amsawa a lokacin. Tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, gara amsar ma kowa ya ji.

Ban yi sujada ba, ban ajiye fure ba, ban kunna turare ba. Azahar ma a masallacin Musulmin garin na yi ta. Hutun makaranta na samu, na hau jirgin ƙasa zuwa Gaya a jihar Bihar ta Indiya, daga nan adaidaita sahu ya ƙarasa da ni. Gani na je yi, don gani ya kori ji.

Mabiya addinin Buddha sun yi imani cewa a nan Siddhartha Gautama, wato Buddha, ya farka. Ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nefal ta yau. Ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, sai ya bar fada yana da shekara 29. Shekara shida yana horar da kansa da yunwa har ya zama ƙashi da rai, kafin wata mata mai suna Sujata ta ba shi shinkafa da madara. Ya ci, ya zauna a gindin bishiyar, ya ce ba zai tashi ba sai ya gano tushen wahalar ɗan Adam. Kalmar "bodhi" farkawa take nufi, kamar wanda ya tashi daga barci. Tushen da ya ce ya gano kuwa, a harshensu sunansa ƙishirwa: son abu da ba ya ƙarewa.

Bishiyar 'yar uwar durumi ce, ganyenta mai dogon tsini. Ba ta asalin ba ce, wadda ke tsaye yanzu an dasa ta ne wajen 1881, amma sun ce jikarta ce. Tana jingine da haikalin Mahabodhi mai tsayin kusan mita 55, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Sarki Ashoka na tsohuwar Indiya ne ya fara gini a wurin, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa.

Tun harin bama-bamai na 2013 ba a shiga da waya, sai ka ba da ajiya a ƙofa. A nan na kama kaina, Kawu. Na zauna a gefe ina kallon 'yan Tibet suna miƙewa rub da ciki a kan allunan katako da tafin hannu ya goge har suna sheƙi, amma hannuna sai komawa aljihu yake yi. Na ƙirga, sau tara cikin rabin sa'a ina laluben abin da na san ba ya nan. Na tuna yadda nake sallame salla in jawo waya tun ban gama tasbihi ba.

Ba ni kaɗai ba ne kuwa. An hana tsinkar ganyen, sai wanda ya faɗo da kansa. Iska ta kaɗa, ganye ɗaya ya sauko yana lilo, sai ga mutum uku sun zabura, har da wani dattijo mai jan mayafi da ya daɗe idonsa a rufe. Shi ya riga su. Ya sa ganyen cikin littafinsa yana dariya, kamar ya san abin da ya aikata a gindin bishiyar da aka yi wa kwaɗayi suna.

Aƙidarsu daban, tamu daban, ban dawo da kokwanto ko na ƙwayar zarra ba. Abin da na samo shi ne yanzu a ɗaki nake barin waya in zan tafi masallaci, kuma har yau hannun bai daina zuwa aljihu ba.

A gaida su Inna.

Ɗanka.