Kun bari an wulaƙanta nama mai kyau a shirinku na girki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na rubuto ne kan abin da baƙuwarku ta yi wa naman nan a shirin girki na ranar Asabar. Ni mahauci ne, a gidan fawa aka haife ni, kuma na daɗe ina kallon shirin ban taɓa cewa uffan ba. Wannan karon raina ya ɓaci ƙwarai.

Kun dai gani da idonku. Ta ɗauko tsoka ja-wur ta haɗa da tozo, aka niƙa, ta mulmula ta ɗora a wuta. Har nan yaba mata nake yi, don na ga ta san cewa boga, wato niƙaƙƙen naman da ake gasawa a sa a tsakiyar burodi, ba ta daɗi sai da kitse, kamar kashi 20 cikin 100. Amma da naman ya gasu yana tsiyayar mai, sai ta ɗauki robar kecof ta yi ta matsawa har naman ya ɓace, ta bi shi da bama, sannan ta dubi kyamara ta ce wai boga in babu kecof ba boga ba ce. Mai gabatarwa ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Wallahi ba haka ba ne.

Ranka ya daɗe, ko kun san wahalar da ake sha kafin a samu irin wannan nama? Sa ne da aka turke wata da watanni, ana ba shi dusa da harawa da kanwa har tozonsa ya cika ya kwanta. Mu kuma mu yi sammako zuwa Wudil ko Maigatari, wani lokaci har Potiskum, mu shafa wannan mu bar wancan, mu yi ciniki da dillali har murya ta dushe, mu biya kuɗin mota, ga tsadar shanu yadda kowa ya sani yanzu. Duk don me? Don wanda ya sa naman a baki ya ji garɗinsa, ya san ya bambanta da na tsohuwar saniyar da ta gama yawon daji. A zuba wa wannan kecof, daidai yake da ka ɗinka shadda mai tsada ka kai wa mai fenti.

Mene ne a cikin kecof ɗin? Tumatir ne da sukari da ruwan tsami da gishiri. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 4, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. Zaƙi da tsami su ne ke fara kama harshe, kuma in sun kama ba sa barin komai ya wuce. Naman da aka yanka da asuba da wanda ya kwana biyu a firjin da babu wuta, duk ɗanɗanonsu ɗaya ne a ƙarƙashin jan abin nan. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. In mai saye ya daina rarrabe nama mai kyau da marar kyau, wane mahauci ne zai ci gaba da zuba kuɗinsa a turkakken sa? Masu ha'inci kawai kuke yi wa aiki, mu da muke tsoron Allah a sana'ar mu kwana ciki.

Kuma abin ya fara zuwa mana har tukuba. Kwanan baya wani saurayi ya sa ƙanena ya yanka masa balangu, wajen tozo ya nuna da kansa, an naɗe masa a takarda da albasa, sai ya ce, "Ba ku da kecof?" Ƙanen nawa ya rasa abin da zai ce masa. Ba laifin yaron ba ne, abin da yake gani a talabijin da waya yake kwaikwayo.

Na ji mai gabatarwa yana kare ta da cewa ai mu ma muna zuba yaji. Haba Malam! Yajin tsire ƙuli ne da citta da barkono da masoro da kanumfari. Tun naman yana ɗanye a tsinke ake birkiɗa shi a ciki, a yayyafa mai, su shiga wuta tare su gasu tare, ƙamshin gyaɗa ya haɗu da na kitse. Labun kilishi ma sai ya sha rana ya ga wuta kafin ya zama kilishi. Balangu kuwa, mai gashin da ya yarda da namansa a gefen takarda yake zuba maka yaji, ka dangwala in ka so. Ina haɗin wannan da abu mai sanyi da aka matso daga roba bayan an sauke nama? Mu ma a cikinmu akwai masu tula yaji da dunƙule don su ɓoye wari, mun san su, kuma ba ma ganin su da mutunci.

Baƙuwar ta kuma ce haka Amurkawa suke ci. Gaskiya ne kamfanin Heinz ya fara sayar da kecof ɗin tumatir tun 1876, kuma shagunan ci-ka-wuce suna saka shi a bogarsu. Amma a garin New Haven na jihar Connecticut akwai wani tsohon gidan abinci, Louis' Lunch, da ke aiki tun 1895, wanda masu shi ke cewa a wurinsu boga ta samo asali. Ba sa ba da kecof ko ka roƙa. Cuku da tumatir da albasa kawai suke yarda a ɗora, don sun yarda da namansu. Me ya sa ba a faɗa wa masu kallo wannan ba? Ni ban hana yaro ya dangwala soyayyen dankalinsa a kecof ba. A bar nama mai kyau da gishirinsa da 'yar albasarsa.

Ina roƙonku ku gayyato wani Sarkin Pawa ko tsohon mai tsire ya zo shirin, a gasa nama iri biyu a gabansa, a ba baƙuwar taku ta ɗanɗana babu komai a kai.

Sannan don Allah ku duba lokacin da kuka mayar da shirin. Tun da kuka matsar da shi yake cin karo da sallar Magariba, kafin mu dawo daga masallaci an ci rabinsa, sauran rabin kuma talla ce ta cinye. Ku mayar da shi bayan Isha'i yadda yake a da.

Wassalam.

Mai kallonku,
wani mahauci daga Kano