Lasisin tuƙi a Amurka: a gyara amsar da aka ba masu jiran takardu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ku da sauran ma'aikatan wannan gida.

A shirinku na amsa tambayoyin masu sauraro da ya gabata, wata baiwar Allah ta tambaya ko ƙaninta da ke Amurka zai iya samun lasisin tuƙi alhali takardunsa na neman zama suna hannun hukumar shige da fice, ba a kai ga yanke hukunci ba. Baƙon da kuka gayyato ya ce mata a'a, sai girin kad, wato katin zama na dindindin, ya fito, kafin nan ya riƙa lallaɓawa da lasisin ƙasa-da-ƙasa da ya zo da shi daga gida. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa. Amma amsar ba daidai ba ce, kuma shawarar da ya ɗora a kanta ta fi amsar haɗari. Na daɗe ina tuƙin tasi a birnin New York, nakan kuma raka sababbin zuwa ofishin lasisi, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zango daga Ghana, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Da farko, babu wani abu wai shi lasisin Amurka. Takardun zama gwamnatin tarayya ke duba su ta hannun hukumar shige da fice ta USCIS, lasisin tuƙi kuwa kowace jiha ita ke ba da nata, da dokarta da sharuɗɗanta. Tambayar da ya kamata a fara yi wa waccan baiwar Allah ita ce: a wace jiha ƙanin naki yake? Amsar wanda ke New York daban take da ta wanda ke Texas, ko da kuwa rana ɗaya suka shigar da takardu.

Ita kanta dokar tarayya ba ta rufe ƙofar ba. Dokar REAL ID ta 2005, wadda ta tsara wa jihohi irin katin da gwamnatin tarayya za ta amince da shi, ta lissafa waɗanda za a iya ba, kuma a cikinsu har da wanda ya nemi mafaka ana kan duba batunsa, da wanda ya shigar da takardar neman zama na dindindin yana jira. Sai dai lasisi ne na ɗan lokaci: yana ƙarewa ranar da izinin mutum zai ƙare, idan kuma babu rana a rubuce, shekara guda ake ba shi. Inda ake samun bambanci shi ne takardar da kowace jiha ke yarda da ita a kan kanta. Wata tana karɓar rasit ɗin da USCIS ke aikowa, wanda ake kira I-797, wata kuwa sai ta ga katin izinin aiki a hannu. Wanda ya shigo ta hanyar aure yana iya neman wannan kati tare da babbar takardarsa ta neman zama na dindindin, I-485. Mai neman mafaka kuwa, a ƙa'idar da aka daɗe ana bi, sai takardarsa ta kwana 150 kafin ya nemi izinin aiki, ba a kuma ba shi sai ta cika 180. Ke nan a jihar da ta tsaya kan katin, wata shida na farko haƙuri ne da bas da kuma roƙon 'yan'uwa su rage hanya. Amma ina wata shida, ina shekarun da ake kwashewa ana jiran girin kad?

Akwai kuma jihohin da ba sa tambayar matsayin mutum gaba ɗaya. A nan New York, tun watan Disamba na 2019 dokar da ake kira Green Light ta fara aiki, bayan Gwamna Andrew Cuomo ya sa mata hannu. Mutum zai je da fasfo ɗinsa na gida mai rai, da shaidar cewa a jihar yake zaune, idan bai taɓa samun lambar Social Security ba, wato lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa don aiki da haraji, ya sa hannu a takardar rantsuwa, ya zauna jarrabawa kamar kowa. California ta riga mu tun 2015, New Jersey ta biyo a 2021, Massachusetts da Minnesota a 2023. Maryland ma tana bayarwa, amma sai ka nuna shaidar ka cika takardun haraji na shekara biyu. Texas ba ta yi. Florida kuwa ta ƙara gaba: a 2023 ta yi dokar da ta ce ba ta yarda da lasisin wasu jihohi da aka keɓe wa marasa takardu ba, don haka mai irinsa ya bincika kafin ya kama hanyar kudu.

Wannan lasisi da ba a tambayar matsayi na tuƙi ne kawai, kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. An rubuta a jikinsa cewa ba don harkokin gwamnatin tarayya ba ne, kuma tun 7 ga Mayu, 2025 ba a karɓarsa a matsayin shaida wajen hawa jirgin sama ko da tafiyar cikin gida ce. Ba izinin aiki ba ne. Yaranmu da yawa suna tsammanin da zarar ya fito sai Uber. A birnin nan sai ka sami lasisi na biyu daga hukumar tasi, TLC, ita kuma tana neman lambar Social Security.

Sai batun lasisin ƙasa-da-ƙasa. Ɗan littafin nan fassara ce ta lasisinka na gida, don ɗan yawon buɗe ido da zai yi 'yan makonni ya koma. Wanda ya kama haya, ya sa yara makaranta, ya rubuta wa gwamnati cewa zama ya zo yi, ba baƙo ba ne kuma. A New York doka ta ba ka kwana 30 daga lokacin da ka zama mazaunin jihar ka nemi lasisinta, kuma zaman kwana 90 ya isa a ɗauke ka mazauni. Ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai, ko Allah ya kiyaye aka yi karo kamfanin inshora ya fara tone-tone, ranar za ka gane littafin ba ya tsare ka da komai. A wasu jihohin tuƙi ba lasisi kamu ne, ba tara kawai ba, kuma da zarar an ɗauki hoton yatsu bayanin ya tafi hannun tarayya. Takardar I-485 tana tambaya ƙarara ko an taɓa kama ka ko tuhumarka. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan, kuma abin da ya fi damuna a duk maganar shi ne wannan: lasisi ƙaramin abu ne, amma kuskure wajen nemansa yana iya rusa babbar takardar da mutum ya sayar da gona ya zo dominta.

Mafi munin kuskuren kuwa a cikin ofishin lasisin ake yinsa, cikin sanyin na'ura, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Tun 1993 dokar tarayya ta sa ofisoshin lasisi su riƙa ba mutane damar yin rajistar zaɓe. Saboda haka a jikin fom, ko a ɗan allon da ake sa hannu, za ka ci karo da tambaya ko kai ɗan ƙasa ne, ko kana son a yi maka rajista. Mutum ya gaji da layi, Turancin bai zauna ba, ma'aikaciya tana cewa danna nan, danna can, shi kuma a tarbiyyarmu ba a musu da mai ofis, sai ya danna eh. A dokar shige da fice ta 1996, wanda ya yi iƙirarin shi ɗan Amurka ne alhali ba haka ba, ana iya haramta masa zama har abada, kuma kusan babu hanyar neman afuwa. Ba ranar abin ke tashi ba. Sai bayan shekaru, a ɗakin ganawa da jami'in shige da fice, a ciro takarda a ce ga sunanka a rajistar masu zaɓe. Duk wanda na raka, a bakin ƙofa nake tsayar da shi in ce: ɗan'uwa, duk inda ka ga maganar zaɓe ko ɗan ƙasa, amsarka a'a ce, abin da ba ka gane ba kada ka taɓa, ka ce a kira maka wanda zai fassara. Ko kunya ake ji, gara ta minti biyu.

Wata matsalar tamu ce ta musamman, wato sunaye. Ofishin lasisi ba ya yarda da takarda don ya gan ta da ido; yana tura bayanin cikin wani tsarin kwamfuta na USCIS mai suna SAVE don a tabbatar. Kwamfuta kuwa ba ta san Muhammadu da Mohammed da Mahamadou mutum ɗaya ba ne. Na tsaya kusa da wani dattijo ɗan Maraɗi da fasfo ya sa sunan mahaifinsa a gaba, katin izinin aiki ya mayar da shi baya, takardar banki kuma ta haɗe sunayen biyu ta yanke harafin ƙarshe. Ma'aikaciyar ta jera takardun uku a kan kanta, ta dube su, ta dube shi, ta ce ya koma gida sai an kira shi. Shi kuwa sai nanata mata yake, wallahi duk ni ne. Haka ranar haihuwa: mu rana muke fara rubutawa, su wata, sai 5 ga Maris ta koma 3 ga Mayu. Idan tabbacin farko bai wuce ba, ana tura shi bincike na biyu, wanda kan ɗauki makonni. Wannan ba ƙi ba ne, jira ne, kuma mai jira ya karɓi lambar binciken ya adana. Amma tun kafin a je, a baje takardu a tabarma a duba su harafi da harafi; in akwai saɓani a katin da USCIS ta bayar, can za a fara gyarawa.

A nan ne 'yan cuwa-cuwa ke samun kasuwa. Akwai mai cewa kawo kuɗi, yana da mutum a ciki. Akwai mai sayar da adireshi: kana zaune a jihar da ba ta bayarwa, ya ba ka adireshin wani gida a Bronx da ke birnin New York ka zo ka karɓa. Ka tuna kai da kanka ka rubuta wa USCIS inda kake kwana, doka ma ta ce in ka tashi ka sanar da su cikin kwana 10. Yanzu ga gwamnati da adireshinka biyu a jihohi biyu, kowanne da sa hannunka a ƙasa. Wanne za ka ce ƙarya ne? Ni dai ban ga ribar ba.

Wanda ya samu kuma kada ya miƙe ƙafa. Tunda lasisin ɗan lokaci yana tafiya ne da katin izinin aiki, ranar da katin ya mutu shi ma ya mutu. A da, idan ka nemi sabuntawa a kan lokaci, tsohon katin yana ci gaba da aiki har kwana 540 kafin sabo ya iso. Daga 30 ga Oktoba, 2025 an janye wannan sassauci ga mafi yawan masu nema. Sai a nemi sabuntawa da wuri iyakar yadda aka yarda. Masu sha'awar manyan motoci su ma su yi tambaya kafin su zuba kuɗi a makarantar koyo, domin a watan Satumba na 2025 ma'aikatar sufuri ta tarayya ta tsaurara ba baƙi lasisin manyan motoci, har magana ta kai kotu.

Jarrabawar kanta ba abin tsoro ba ce. A New York tambaya 20 ce, ana son ka ci 14, ana kuma iya yinta da Faransanci ko Larabci. Daga nan sai darasin awa biyar, sai gwaji a kan titi. Abin dariya, tsofaffin direbobi sun fi faɗuwa. Wanda ya shekara goma yana kai-komo tsakanin Kano da Legas zai zo alamar tsayawa ya rage gudu, ya leƙa, ya wuce, mai gwaji kuwa so yake taya ta tsaya cak. A sani kuma, idan ka ci, mai gwajin zai karɓi lasisinka na gida. In kana bukatarsa don komawa hutu, ka yi magana tun a wurin.

Ina roƙon a isar da wannan ga matanmu musamman. Da yawa sun zo ta aure, suna zaune a garuruwan da babu bas babu jirgin ƙasa, asibitin yara ma sai maigida ya taso daga aiki, saboda an ce musu ba su da damar tuƙi sai takarda ta fito. A jihohi da dama suna da ita tun yau.

Malam Edita, ku taimaka ku sake ɗauko wannan tambaya a shiri na gaba, ku gayyato lauyan shige da fice da ke aiki a Amurka, domin ƙa'idojin nan suna sauyawa da sauri a 'yan shekarun nan. Duk wanda zai aiko da tambaya kuma a ce ya faɗi jiharsa da irin takardar da ya shigar. Ita kuma baiwar Allah da ta yi tambayar, ta ce wa ƙaninta ya ajiye makullin motar tukuna, ya buɗe shafin ofishin lasisi na jiharsa ya ga jerin takardun da suke karɓa.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa gidan nan ɗaukaka.

Naku,
Mai sauraronku daga Bronx, New York