Wasiƙa daga Minnisota: kafin a rufe bango

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ka gafarce ni da jinkirin amsa. Mako shida ke nan duk Asabar da Lahadi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa nake wuni, ina jan wayar wuta.

Gidajen nan jihar Minnisota ta Amurka kusan kowanne yana da irin wannan ɗaki. Da hunturu ƙasa kan daskare, shi ya sa a yankinmu sai harsashin gini ya kai zurfin inci 42, tunda kuwa an riga an haƙa, sai a mayar da ramin ɗaki. Namu fayau yake tun da muka sayi gidan, siminti da kwan fitila biyu. Ina so ya zama falo da wurin karatun yara. Dokar jihar ta yarda mai gida ya yi wayarin gidan da yake zaune a ciki da hannunsa, amma sai ya karɓi takardar izini, kuma jami'in duba aikin wuta zai zo sau biyu: na farko wayoyi suna tsirara kafin a rufe bango, na biyu bayan an gama komai. Zuwan farko ranar Alhamis mai zuwa ne.

Na shiga aikin da abin da muka koya a hannun maigidanmu muna samari, kuma ya amfane ni ƙwarai. Sai dai ginin ba ɗaya ba ne. A Kano bulo muke fasawa mu binne fayif, mu zura waya, a shafe da siminti. A nan bangon katako ne, wayar tana ratsa cikin busasshen itace. Haɗi ɗaya ya yi sako-sako ya ɗauki zafi, babu mai gani sai hayaƙi ya fito. Wani maƙwabcina ya ce in rufe bangona kawai, wa zai sani? Na ƙi. Saman ɗakin nan daidai shi ne inda 'ya'yana suke kwana, ina so idon wanda ya fi ni sani ya ga abin da zan binne.

Littafin ƙa'idar da suke bi ana ce masa NEC, duk shekara uku ake sabunta shi. Wutar soket a nan bolt 120 ce, ba 230 irin tamu ba. Baƙar waya ce mai wuta, fara ita ce ta dawowa, ta jan ƙarfe marar riga kuma ita ce wayar ƙasa, mai kai wutar da ta kauce hanya cikin ƙasa. Kai da ka saba baƙa ce ta dawowa, ka ga inda mutum zai iya halaka. Layin da aka ba amfiya 15 waya mai lamba 14 yake ɗauka, mai amfiya 20 kuwa sai lamba 12, wadda ta fi kauri. Rigar ta farkon fara ce, ta biyun rawaya, don jami'in ya gane daga bakin ƙofa. Soket kuma, duk inda ka tsaya a jikin bango kada ya fi ƙafa 6 tsakaninka da mafi kusa, don kada mutane su riƙa jan doguwar waya ta ƙarƙashin darduma.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne lissafin cikin akwati. Mu a gida in dai murfi ya rufu, shi ke nan. A nan kowane akwatin roba an buga girman cikinsa a jikinsa, kuma kowace waya tana da rabonta. A jikin nawa inci kubik 18 aka rubuta. Waya lamba 12 tana cin 2.25, wayoyin ƙasa na ciki a haɗe ana ƙirga su ɗaya, shi kansa soket ɗin ana ƙirga shi biyu. Inda layi biyu suka shiga akwati, kowanne da baƙa da fara, lissafi ya ba ni bakwai, wato 15.75, lafiya lau. Amma akwai akwati huɗu da na kai wa layi uku-uku: tara ke nan, 20.25, ya zarce. Ranar Lahadi na ciro su duka na sa masu zurfi. Raina ya ɗan sosu da ɓata wuni guda, amma da na tuna yadda cunkoson waya yake tara zafi yana cinye roba, na san gaskiyarsu ce.

Sai ramukan katako. Dole rami ya nisanci bakin katakon da inci ɗaya da kwata, in bai kai ba sai a buga ɗan farantin ƙarfe a kai, saboda ƙusar da wani zai kafa nan gaba don rataye agogo kada ta huda waya. Na bi su ɗai-ɗai da ma'auni, na samu bakwai da suka matso baki, na rufe su. Na kafe waya kusa da kowane akwati, sannan duk ƙafa huɗu da rabi, ba tare da na matse rigarta ba. A kowane akwati na bar inci 6 na waya, na haɗe wayoyin ƙasa tun yanzu, don yana daga cikin abin da ake dubawa a zuwan farko.

Akwai na'ura biyu da nake so ka sani. Ɗaya GFCI ce, wadda take yanke wuta nan take in kusan miliamfiya 5 ta kauce hanya, misali ta bi jikin mutum. Tun bugun NEC na 2020 ake buƙatar ta a duk soket na ɗakin ƙasa, saboda danshi. Ɗayar AFCI, ita tartsatsin da ke ɓoye cikin bango take ganowa. Babban akwatin rarraba wuta kuwa ban haɗa masa komai ba tukuna. Ko ka kashe babban makunninsa, manyan wayoyin da suka shigo daga titi suna nan da wutarsu, don haka wannan sai na kira mai lasisi mu yi tare. Na dai kwashe kayan da ke gabansa, don ana son fili faɗin inci 30, zurfin ƙafa 3.

Ka ce mini ginin gidanka ya kai linta. Don Allah idan an zo wayarin, ka tsaya a kai da kanka a dasa sandar wayar ƙasa, a kai ta kowane soket, musamman na kicin da banɗaki. Kuma ka ɗauki hoton kowane bango kafin a yi filasta, yadda na ɗauki nawa jiya. Na saya maka ɗan abin gwada wuta wanda yake ƙara in ka kusantar da shi waya, zan ba mai zuwa gida ya kawo maka.

Ka sa ni a addu'a ranar Alhamis. Da zarar jami'in ya tafi zan kira ka. Ka gaida Baba da Inna, da uwargida da yara. Maiɗakina tana gaishe ku.

Naka har kullum,
amininka